Ƙwan Zabin Inna

Tsamaye, 2 ga Yuli, 1984

Zuwa ga ƙanena Kalilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya zaman Zariya? Barka da Sallah. Inna tana gaishe ka, Kawu Wada ma haka. Mun yi Sallah ba kai, ita ce ta biyu ke nan. Ni na faɗa maka, don na san Inna ba za ta faɗa ba.

Labarin gida ba daɗi. Sau biyu anka yi ruwa tun shigowar damina. Munka yi shuka, ta fito, rana ta cinye ta. Munka sake, ita ma ga ta nan ganye ya nannaɗe. Maigidana ya kora shanun da sunka rage ya yi kudu tun kafin azumi, shi ya sa na kwaso 'ya'yana na dawo wurin Inna.

Amma ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Maliki direba zai miƙa maka ƙwarya rufe da faifai, ɗaure da tsumma. Kada ka jijjiga ta. Ƙwan zabi ne goma sha huɗu cikin ƙaiƙayi.

Ka san zabin Inna, fararen nan da ta zo da irinsu daga Gangara tun aurenta. Bara warhaka sun fi talatin. Yunwa da ciwo da shaho sun bar mata uku, zabo ɗaya da mata biyu, su ma ƙashi da gashi. Duk da haka sunka yi ƙwai. Kwana shida Inna tana bin su a ɓoye har ta gano wurin, ƙarƙashin sabara, bayan gonar Kawu. Da ludayi ta riƙa kwasowa, don kada su ji warin hannu su sauya wuri.

Sai dai babu kazar kwanci, kuma ka san zabuwa ba ta da haƙurin zama kan ƙwai. Tamu kazar ta mutu. Na bi Tsamaye gida gida, na aika Kurawa, babu. Wanda bai yanka tasa ba ya kai ta kasuwa. Inna ta yi kwana biyu tana juya ƙwan nan cikin ƙwarya, sannan ta ce da ni, "Ba Auta ya ce wurin aikinsu akwai akwatin da ke kwanci ba?"

To, ga su nan, Auta. Ta ce in sunka ƙyanƙyashe ka riƙe su har su yi ƙwari, ka zo da su da kanka. Ta kuma ce akwati ba shi da baki, don haka kai ka riƙa yi musu magana safe da yamma. Wai ƙwan da bai ji muryar kowa ba, dolo yake fitowa. Na yi dariya, ta harare ni. Na dai rubuta yadda ta faɗa.

Allah ya ba da sa'a. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Saude

*

Samaru, Zariya, 7 ga Yuli, 1984

Zuwa ga Adda Saude,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Kawu da yara. Allah ya maimaita mana, ya kuma kawo sauƙin wannan fari. Nan ma ruwan sai a hankali, amma bai kai naku ba.

Saƙo ya iso. Ɗaya ya fashe a hanya, Maliki ya ce ramin da ke bayan Gusau ne. Sha uku lafiya lau, na saka su cikin akwatin tun ranar Alhamis. Akwatin ba wani abin mamaki ba ne: ɗumi ne daidai na cikin kaza, da ɗan kwanon ruwa a ƙasa, sai mutum ya riƙa juya ƙwan sau uku a yini. Kwana ashirin da bakwai ko da takwas za su yi.

Adda, ki daina yi wa Inna dariya. Maganar da ta faɗa ita ce aikin da ya hana ni zuwa Sallah. Kin sha tambayata me nake yi a nan, ina ce miki karatun dabbobi. Ga shi filla-filla. Muna so mu gano ranar da ƙwaƙwalwar ɗan tsako take fara aiki tun yana cikin ɓawo. Yaushe yake fara motsi, yaushe yake fara ji? Ƙwaƙwalwa in tana aiki tana fitar da wata 'yar wuta, ƙanƙanuwa ƙwarai, jiki ba ya jin ta. Muna da waya siririya kamar gashi da ke ɗauko ta, ta kai wa wata allura, allurar kuma ta riƙa zane kan takarda mai tafiya. In zanen ya miƙe, shiru ne. In ya yi tsalle, wani abu na faruwa a ciki.

An daɗe da yin wannan da ƙwan kaji. Nawa rabon na zabi ne, don ba wanda ya kula da su. Sai ga shi bana zabi sun ƙi ƙwai ko'ina. Wata biyu ina aike har Funtuwa da Giwa, abin da aka kawo mini duk baragurbi. Dakta, shugaban ɗakin bincikenmu, da ya ga ƙwaryar Inna sai da ya tafa hannu. Ya ce bai taɓa ganin ƙwai masu nauyi haka ba a shekara irin wannan.

Ki gaya wa Inna ina yi musu magana. Abokan aikina sun ce na fara taɓuwa. Za ni zo da zarar na kammala, in sha Allahu.

Ƙanenki,
Kalilu

*

Tsamaye, 16 ga Yuli, 1984

Kalilu,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Ranar Alhamis Inna ta faɗi bakin rijiya. Ka san ruwa ya yi ƙasa, sai an haɗa igiya biyu. Na hana ta zuwa, ta ce ita ba gawa ba ce. Tana cikin jan guga na uku sai hannunta ya saki. Matan da ke wurin sunka ce ba ta yi ko ƙara ba, ta dai zame ta zauna, bakinta ya karkace.

Kawu ya samo amalanke munka kai ta Sabon Birni, sunka ce mu wuce Isa. Can munka kwana uku. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jini ne ya hau mata kai, ba abin da za su ƙara sai kulawa. Jiya munka dawo da ita.

Ɓarin dama ya mutu gaba ɗaya. Ba ta magana. Tana haɗiye kunu in na ɗaga mata kai. Idonta a buɗe, amma ban san ko ni take kallo ko bango ba. Hannun hagu yana motsi, yatsun suna ta murza bakin zane, ko akwai mutum ko babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutane. Suna shigowa dubiya, su zauna kusa da kanta, su yi ta magana kamar ba ta nan. Mairama matar Kawu jiya ta ce a gabanta gara a tanadi likkafani tun da sauran hali. Kawu da kansa ya tsaya bakin ƙofa yana shawara da maƙwabta, wai in ruwa bai zo ba za mu koma Isa gidan ɗan'uwansa, amma yaya za a yi da "wannan". Uwarmu ce "wannan", Kalilu. Na ce su yi shiru, sunka ce ai ba ta ji.

To, kai da kake sauraren abin da ke cikin ɓawo, ka gaya mini. Tana jin mu? In tana ji, wallahi za ni kori kowa daga ɗakin. In ba ta ji, in sani, in daina wahalar da bakina. Don kowace safiya nakan zauna in ce mata, "Inna, yau ƙwanki kwana kaza." Yau na ce sha ɗaya. Ban sani ba ko da ita nake ko da kaina.

Ka rubuto da gaggawa, ko ka zo. Ya ƙwan?

Yayarka,
Saude

*

Samaru, 22 ga Yuli, 1984

Adda,

Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Takardarki ta same ni jiya da la'asar, na karanta ta a tsaye, na kasa zama.

Kin yi mini tambaya biyu. Za ni fara da ta biyun, don ba ni da bakin amsa ta farko sai na faɗi wannan.

Na buɗe shida daga cikin ƙwan Inna.

Ban gaya miki ba a waccan takarda, amma wayar nan ba ta ratsa ɓawo. Sai an yanke 'yar taga kamar faɗin farce, a sa ta a kan ɗan tsakon. Wanda aka yi wa haka ba ya tashi. Na san da wannan tun ranar da na karɓi ƙwaryar. Shekara biyu nake kan aikin nan, in damina ta wuce ban samu ƙwai ba shi ke nan. Na ce wa kaina biyu kawai za ni ɗauka, in ce da ku ba su yi ba. Na buɗe biyu a kwana na biyar. Abin da na gani ya ja ni, na ƙara biyu a na sha biyu. Biyun ƙarshe jiya da safe, kafin takardarki ta iso. Dakta bai tilasta mini ba. Ni na yi.

Bari in gaya miki abin da na gani, ba don ya wanke ni ba.

Na kwana biyar bai wuce ƙwayar wake ba. Zuciya ja tana bugawa. Ba kunne, ido bai zama ido ba, ko an taɓa shi bai sani ba. Amma sai ya lanƙwashe, ya miƙe, ya huta, can kuma ya sake. Ba abin da ya sa shi. Jijiyoyinsa ne suke tashi da kansu, tun duniya ba ta ba shi komai ba.

Na jiya kuwa ya yi gashi. Na sa waya, na rufe ƙofa, allura tana tafiya a hankali. Na manta, na ce "Bismillahi" da ƙarfi don za ni gyara takarda. Allurar ta yi tsalle. Na yi shiru, ta kwanta. Na sake magana, ta sake. Sau tara. Shi kuwa jikinsa ko motsi bai yi ba. Da da ido kawai na dube shi, da na rantse bai ji ba.

Tambayarki ta farko, Adda, ban sani ba. Ni ba likitan mutane ba ne, ciwon Inna kuma ba ƙwai ba ne. Murza zanen da take yi yana iya zama irin motsin nan da ke zuwa da kansa. Amma tun jiya ba ni yarda wani ya ce abu ba ya ji don kawai bai amsa ba. Ki ci gaba da yi mata magana. Ki fitar da masu maganar likkafani.

Saura bakwai. Na haska su da fitila, biyu fanko ne, biyar suna da rai. Na rantse da Allah ba mai taɓa su. Kwana goma suka rage. In na taho yanzu ba mai juya su, ba mai kunna fitila in wuta ta ɗauke, kuma kwanakin ƙarshen su ne Dakta ya fi so a duba. In na tsaya, ban san abin da za ni tarar ba. Ki zaɓa mini, ni kaina ya kulle.

Don Allah kada ki gaya wa Inna maganar shidan.

Ƙanenki mai laifi,
Kalilu

*

Tsamaye, 26 ga Yuli, 1984

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Takarda ta fito daga hannun Malam Wada zuwa ga ɗanmu Kalilu. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, mun aika maka mahaifiyarka tana kwance, munka zuba ido ranar kasuwa, mota ta zo ba kai sai takarda. An ce kana gadin ƙwan zabi. Ban yarda ba sai da yayarka ta tabbatar mini.

Ban yi karatunku ba, ba ni kuma raina shi. Amma yayata ce ke kwance, kai kuma ɗanta namiji kai kaɗai. Zabi ana samun wasu. Gida bakwai sun tashi daga Tsamaye cikin makon nan, gero ya ƙone a tsaye, ni ma ina shirin kai iyali Isa, ba ni kuma iya yanke shawara kan mahaifiyarka ba tare da kai ba. Mutane suna tambayata ina ɗanta, na rasa abin faɗi.

In takardar ga ta same ka da safe, kada azahar ta yi maka a Zariya.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Kawunka,
Wada

*

Tsamaye, 27 ga Yuli, 1984

Kalilu,

Assalamu alaikum. Takardar Kawu tana tare da wannan. Ka karanta tasa, sannan ka karanta tawa.

Da na gama karanta abin da ka rubuto, na fita bayan gida na zage ka da babbar murya, har Mairama ta leƙo. Tsohuwa ta yi kwana shida tana rarrafe cikin ƙaya, kai ka zauna kan kujera kana yanka taga. Ban huce ba har yanzu, kada ka ɗauka na huce.

Ka ce kada in gaya mata. Na gaya mata. Kai ka ce in riƙa yi mata magana kamar tana ji. To, in tana ji, ba ni zama kullum ina ƙirga mata kwanan ƙwan da babu su. Na zauna kusa da kunnenta na karanta takardar daga sallama har sa hannu, ban tsallake komai ba.

Ba ta yi komai ba. Yatsun ma sunka tsaya. Na ce shi ke nan, Kawu ya yi gaskiya. Na ɗauko kunu, na ɗaga mata kai, na kai ludayi bakinta. Kalilu, sai ta ɗaga hannun hagun nan ta make ludayin. Ya bugi bango, kunu ya wanke mini zane. Sannan ta juya fuska, ta ba ni ƙeya. Kwana goma sha huɗu ba ta juya wuyanta da kanta ba sai ranar.

Na zauna cikin kunu ina kuka ina dariya. Mairama ta gani da idonta. Tun daga lokacin in ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina kwana," kamar da. Kawu ma ya koma yin shawararsa a zaure.

Yini ɗaya ta ƙi cin komai. Washegari ta karɓa. Amma in na ambaci sunanka sai ta rufe ido. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, in Auta ya taho yanzu, matse ni. In ya tsaya sai sun fashe, sake ni." Ta zare hannunta gaba ɗaya ta sa ƙarƙashin zane. Ba za ni yi maka ƙarya in ce ta zaɓa ba.

Tunda ka ce in zaɓa, ga nawa. Ka tsaya. In ka zo hannu wofi, ban san da wane ido za ka shiga ɗakin nan ba. Jikinta yana raguwa, ban ɓoye maka ba, ƙafafun sun fara kumbura. In Allah ya ɗauke ta kafin ka iso, ni na ce ka tsaya, ni za ni amsa wa Kawu. Amma ranar da sunka fito, kada ka ƙara ko kwana ɗaya don wata takarda.

Yayarka,
Saude

*

Samaru, 3 ga Agusta, 1984

Adda,

Wa alaikumus salam. Na samu takardunku biyu. Ki ba Kawu haƙuri, za ni durƙusa masa da kaina.

Sun fito. Tun ranar Talata na fara jin kukansu a cikin ɓawo, siriri, sai na kara ƙwan a kunne. In na yi magana sai su ƙara. Uku sun fashe Laraba, ɗaya jiya. Na biyar ya huda ɓawo, ya fito da baki, ƙarfinsa ya ƙare a nan. Huɗu ke nan. Biyu sun yi haske ƙwarai, ina jin farare za su zama.

Na gaya wa Dakta komai, har da yadda aka ba ni ƙwan. Ya ce da ya sani da bai tafa hannu ba. Ya ba ni izinin tafiya.

Na jiyan bai iya tsayuwa sosai ba, sai ya koyi shan ruwa. Maliki zai dawo ranar Litinin, a motarsa za ni taho, su kuma cikin kwali a kan cinyata. Ki nemo mana gara, ita za su fara ci.

Ki gaya wa Inna. Ko ta rufe ido ki faɗa.

Ƙanenki,
Kalilu

*

Samaru, 27 ga Agusta, 1984

Adda Saude,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu ikon yi mata addu'a. Ya hidimar tashi? Na so in tsaya in taya ku kwashe kaya zuwa Isa, Kawu ya ce in koma bakin aikina. Ban san ko izini ne ko kora ba.

Akwai abin da na kasa tambayarki a gida, mutane sun yi yawa, ke kuma ba ki zauna ba tun daga wanka har sadakar bakwai.

Kwana goma na yi da ita. Ranar da na iso kin tuna, na ajiye kwalin kan tabarma na buɗe. Suka fito suna tsalle, ɗaya ya hau zanenta. Ta buɗe tafin hannu ya shiga, ta rufe shi a hankali. Na ce, "Inna, ga su nan, huɗu." Idonta na kan ɗan zabon. Na ce, "Inna, ki gafarce ni." Sai ta rufe ido.

Sau uku na roƙe ta a ranaku dabam dabam. Na juya ta, na shafa mata man kaɗe a baya, na ba ta kunu ta karɓa. Amma ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Ke tana dubanki, tana duban yara, har Mairama. Ranar Jumma'ar da ta cika ina riƙe da ƙafarta, fuskarta na wajenki.

Yanzu ga ni gaban takardar allurar nan ta ƙwan kwana sha shida, mai tsalle tara. Dakta ya ce ba a taɓa samun zane mai tsabta irinsa ba a ɗakin nan, ya ce in sake aikin baɗi in Allah ya kawo ruwa. Ni kuma ina dubansa ina tunani. Gaskiya ce a jikin takardar, ba ƙarya. Inna ta san ta tun ban iya tafiya ba, ba ta kuma fasa ko ƙwai ɗaya ba kafin ta sani. Na iya sa waya in gane ɗan tsako ya ji ni. Uwata na tabbata ta ji ni, abin da ta yi da maganar ne ba ni da na'urar da za ta nuna mini.

Ke kika fi kowa sanin fuskarta a kwanakin nan. Ta yafe mini? Kada ki lallashe ni. Abin da kika gani nake so.

Ƙanenki,
Kalilu

*

Isa, 10 ga Satumba, 1984

Kalilu,

Wa alaikumus salam. Mun sauka lafiya. Ɗaki biyu anka ba mu, mu goma sha ɗaya, amma akwai ruwa. Kawu yana gaishe ka. Ba kora ba ce, haka bakinsa yake.

'Yan zabi uku sunka rage, shaho ya ɗauki ɗaya ranar da munka iso. Sauran suna cin gara, fukafukai sun fito.

Ka ce abin da na gani. Ba ta yi mini wata alama ba game da yafewa, ban kuma tambaye ta ba. Abu ɗaya ne. Ranar Talatar da ka tafi Sabon Birni sayo magani, tun da ka fita ta juya fuska wajen ƙofa. Na ba ta kunu, ta ƙi kawar da kai. Na so in juya ta ɗaya ɓarin saboda gyambo, ta riƙe bakin gado da hannun nan nata, sai na bar ta. Tun hantsi har bayan la'asar idonta na kan labule. Da ta ji sallamarka a zaure, ta saki gadon, ta juya bango, ta rufe ido. Kai ka shigo ka tarar da ita yadda ka saba.

Iyakar abin da nake da shi ke nan. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Sadakar arba'in ranar ashirin da shida ga wata, a nan Isa za a yi. Ka zo da wuri, akwai aiki.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Saude